Atisaye ba tsayawa: abin da ya faru da ƙungiyar Eagles a hannun Chip Kelly, 2013 zuwa 2015

A watan Mayun 2013, 'yan jaridar da suka saba zuwa filin atisayen Eagles, ƙungiyar ƙwallon Amurka, a kudancin birnin Filadelfiya sun tarar da abin da idonsu bai saba gani ba. Kiɗa na tashi daga manyan lasifikoki, har sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji shi. Muryar kwamfuta ce ke sanar da ƙarshen wannan zango da farkon wancan, kuma da ta yi magana sai ka ga ƙarti sun kwasa da gudu zuwa wani sashen filin. Masu jefa ƙwallo duka suna jifa a lokaci guda, kowa da wanda zai cafe masa, don kada a samu wanda ke tsaye yana jiran layi. Wasu ma'aikata na goye da wasu dogayen faifai a baya, suna tsayawa gaban mai jifa don su zame masa kamar hannayen abokan karawa. In ɗan wasa ya yi kuskure ba a tsayar da atisaye a yi masa faɗa. Akwai kyamara tana ɗauka, za a haɗu da shi a ɗakin bita.

Mai wannan tsari shi ne Chip Kelly, wanda mai ƙungiyar, Jeffrey Lurie, ya ɗauko daga Jami'ar Oregon a watan Janairun shekarar. A kaka huɗu da ya yi yana jan ragamar Oregon ya ci wasa 46, an ci shi 7, kuma da sauri ya yi suna. Ya gaji Andy Reid, wanda ya shekara 14 a kujerar ya kuma rufe da kakar da aka ci wasa 4 aka sha kashi a 12. Shekara uku ba su cika ba Kelly ma ya kama gabansa.

Yadda wasan ke cin jiki

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar da muka sani sai ya ajiye wannan hoton a gefe. A ƙwallon Amurka ba a gudu na minti 45 a jere. Wasan zubi-zubi ne. Mutum 11 na rukunin hari su jeru, 11 na rukunin tsaro su fuskance su, a saki ƙwallo, a yi karo da ture-ture na daƙiƙa huɗu zuwa shida, a busa usur. Daga nan masu hari na da daƙiƙa 40 su sake sakin ƙwallo. Agogon wasa minti 60 ne, amma a zaune sai an ci fiye da awa uku, kuma in aka tattara ainihin lokacin da ƙwallo ke motsi bai fi minti 11 ba. Kowane ɓangare na yin wajen zubi 65 a wasa guda.

Ke nan ƙarfin da ake nema a nan shi ne na fashewa lokaci guda da dawowa hayyaci kafin zubi na gaba. Waɗannan daƙiƙu 40 su ne hutun. A al'ada masu hari kan taru su yi ƙus-ƙus, mai jifa ya faɗa musu dabarar da za a yi, sannan su taka a hankali zuwa layi. A wannan tsakanin masu tsaro na shan iska, kocinsu na cire wanda ya gaji ya sa wani, yana kuma zaɓar tsarin da zai dace. Kelly ya soke taron ƙus-ƙus ɗin. Ana nuna dabara da hannu daga gefen fili, a jeru nan take. A kakokinsa uku Eagles na sakin ƙwallo duk bayan daƙiƙa 22 zuwa 23, alhali yawancin ƙungiyoyi na kaiwa 27 ko 28. Daƙiƙa biyar kamar ba komai ba ne, sai ga ƙaton da ke ɗauke da kilo 140 wanda ya gama kokawa da wani ƙaton irinsa.

Ƙarancin lokaci

Ba za a gane abin da Kelly ya yi ba sai an dubi yarjejeniyar da hukumar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2011, bayan an rufe musu ƙofa daga Maris zuwa ƙarshen Yuli. 'Yan wasa sun sassauta a kan kuɗi, suka karɓi hutu a madadin. Shirin bazara, wato na lokacin da babu gasa, ya sauko daga mako 14 zuwa 9, aka kuma raba shi uku. Mako biyun farko ɗaga ƙarfe da motsa jiki ne kawai, koci ba ya shiga fili da 'yan wasa. Mako uku na biye za a iya shiga fili a koyi dabaru, amma masu hari ba za su fuskanci masu tsaro ba. A mako huɗun ƙarshe ne ake da kwanaki 10 na atisayen haɗin gwiwa, waɗanda ake kira OTA, inda 11 ke fuskantar 11 da kwalkwali a ka amma ba sulke, ba karo, kuma awa biyu kacal a fili. Sai wani ɗan zama na kwana uku wanda shi kaɗai ne dole. Saura duk na ganin dama ne a takarda, ko da yake ɗan wasan da ke neman gurbi ya san abin da ganin dama ke nufi.

A sansanin horo na ƙarshen Yuli ma an soke tsohuwar al'adar atisaye biyu masu zafi a rana. Sau ɗaya za a sa sulke, na biyun tattaki ne kawai. A cikin kaka kuwa sau 14 aka yarda a sa sulke a atisaye. Akwai dalilai a bayan wannan: raunin ƙwaƙwalwa da ake ta magana a kai, da kuma tunawa da Korey Stringer na ƙungiyar Vikings, wanda zafin rana ya kashe a sansanin horo a watan Agustan 2001. Amma shekarar 2011 ɗin ta nuna ɗaya ɓangaren. Da aka buɗe sansani bayan wata huɗu babu shirin bazara, sai jijiyar agara ta riƙa tsinke wa 'yan wasa fiye da yadda aka saba gani. Yawan aiki na karya jiki, ƙarancinsa ma na karyawa.

Tsofaffin kociyoyi sun yi ta ƙorafi cewa an hana su koyarwa. Kelly bai ɓata lokaci a kan ƙorafi ba. Lissafinsa mai sauƙi ne, kuma a ganina daidai ne: in an ƙayyade maka awoyi, ba a ƙayyade maka yawan zubin da za ka cusa cikin awoyin ba. Ƙungiyar da ke tsayawa koci ya yi wa mutum ɗaya bayani sauran 21 na riƙe da ƙugu tana zubar da mintunan da ba za ta iya sayowa ba. Don haka sai ya raba aiki biyu, magana a ɗaki, maimaici a fili. Atisayensa bai cika kai awa biyu ba, amma yaron da ke layi na uku, wanda a wata ƙungiyar zai wuni yana kallo, shi ma sai ya samu nasa rabon. A lokacin da ake da mutum 90 ana neman tace 53, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Akwai wata riba ta biyu. Tun da gudun na cikin atisayen, babu buƙatar a jera mutane a ƙarshe a ce su yi ta tsere daga wannan layi zuwa wancan. Jiki na koyon irin gajiyar da zai haɗu da ita ranar wasa, ƙwaƙwalwa kuma na koyon yanke shawara a cikin haki. Ana saka gajerun zanguna na koyarwa a tsakani, a kashe kiɗa, a yi tattaki, kuma su ne hutun. Karo ma ya ragu. Sansanin Reid a Jami'ar Lehigh ya yi suna wajen gwabzawa, Kelly kuwa ya dawo da sansanin gida Filadelfiya, kuma da wuya ya bari a kayar da mutum har ƙasa a atisaye. Ya rage duka, ya ƙara gudu.

Awo da na'urori

Saurin nan ba shi kaɗai ya zo ba. Kelly ya buɗe wani muƙami da ba a saba ji ba a NFL, mai kula da kimiyyar wasanni, ya ba Shaun Huls, mutumin da ya yi aikin horar da jikin zaratan sojojin ruwan Amurka. Josh Hingst ya riƙe ɗakin ɗaga ƙarfe. Da safe ɗan wasa zai ba da fitsari a duba ko jikinsa na da isasshen ruwa, a auna bugun zuciyarsa, ya amsa tambayoyi a kan barcinsa da inda ke masa ciwo. A fili akwai wata 'yar na'ura a bayan rigarsa tana lissafa nisan da ya yi da saurin da ya kai. An ba su abin auna barci, aka ce su nemi awa takwas zuwa goma. Da an tashi daga atisaye ga teburi jere da kofuna na markaɗen 'ya'yan itace da sinadarin gina jiki, kowane kofi da sunan mai shi, haɗin wannan daban da na wancan. A ɗakin cin abinci an kori ranakun soye-soye da maiƙo da aka saba a zamanin Reid.

Har jadawalin mako ya juya. A NFL Talata ce ranar hutu. Kelly ya mai da hutun Litinin, ya shigar da su fili Talata, Laraba da Alhamis, Juma'a a sassauta, Asabar kuma, wadda ko'ina tattaki ake yi, a yi ɗan atisaye mai zafi don jiki ya farka kafin Lahadi.

Yau kusan duk wannan ya zama ruwan dare a manyan ƙungiyoyi. A 2013 dariya wasu suka yi ta yi wa kofunan.

Kakar farko

Sansanin farko bai zo da sa'a ba. Jeremy Maclin, ɗaya daga manyan masu cafe ƙwallo, ya tsinka jijiyar gwiwa a ƙarshen Yuli, wasu biyu suka bi bayansa da irin raunin. Amma daren Litinin 9 ga Satumba ya mantar da mutane. A gidan Washinton, Eagles ta yi zubi 53 kafin hutun rabin lokaci, abin da wata ƙungiyar ke kusan yi a wasa sukutum. An tafi hutu 26 da 7. Masu tsaron Washinton sun dafa gwiwa suna haki a gaban ƙasa baki ɗaya. LeSean McCoy, mai gudu da ƙwallo, ya gudu yadi 184. An tashi 33 da 27, kuma wanda ya lura zai ga cewa ƙarshen wasan bai yi kama da farkonsa ba, amma a daren ba wanda ya damu.

Daga nan aka yi tuntuɓe. Wasa uku cikin kwana 11, in an haɗa da na Washinton, aka sha kashi a hannun San Diego da Kansas City, inda Reid ya koma, sannan Denver ta zuba musu 52. A tsakiyar kaka suna da nasara 3, rashi 5. Sai Nick Foles ya karɓi jifa daga Michael Vick, ya jefa ci bakwai a wasa guda a Oakland, ya gama kakar da ci 27, jifa 2 kacal abokan karawa suka cafe masa. Ƙungiyar ta ci 7 cikin wasanni 8 na ƙarshe.

Masu kare tsarin Kelly da wannan Disambar suke kafa hujja, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ranar 8 ga watan, cikin dusar ƙanƙara da ta rufe layukan fili, Ditroit ta yi gaba da 14 da nema, sai Eagles ta zuba maki 28 a zango na huɗu kaɗai, McCoy ya gudu yadi 217, aka tashi 34 da 20. Mako biyu bayan haka Shikago ta sha 54 da 11. Ƙartin nan biyar da ke yi wa mai jifa katanga, Jason Peters, Evan Mathis, Jason Kelce, Todd Herremans da sabon shiga Lane Johnson, duk sun fara wasanni 16 ba wanda ya faɗi, abin da ba kasafai ake samu ba. McCoy ya fi kowa gudu a gasar da yadi 1,607. Nasara 10, rashi 6, suka ɗauki kambun rukuninsu, kafin New Orleans ta fitar da su 26 da 24 a wasan sili ɗaya ƙwale.

Wanda ke biyan kuɗin saurin

Akwai wata ƙididdiga da Kelly ya raina a fili: tsawon lokacin da ƙungiya ke riƙe da ƙwallo. Shi zubi yake ƙirgawa da maki, ba mintuna ba. A kakokinsa uku Eagles ce ta ƙarshe a gasar wajen riƙe ƙwallo, wajen minti 26 cikin 60. Yana da gaskiya cewa minti ba ya cin wasa. Sai dai sauri na yanka ta baki biyu. In hari ya tafi daidai, ka ci cikin minti biyu. In ya cije, ka yi zubi uku cikin ƙasa da minti ɗaya ka miƙa ƙwallo, masu tsaronka da ko ruwa ba su gama sha ba su sake sa kwalkwali. Ko ta wace hanya su ne ke komawa fili da wuri.

Rukunin tsaron da Bill Davis ke jagoranta ya riƙa yin zubi sama da 1,100 a kowace kaka, a 2013 da 2015 ma ya doshi 1,150. Wannan ya ɗara na matsakaiciyar ƙungiya da kusan zubi 100, wato kamar an ƙara musu wasa ɗaya da rabi a kan 16 ɗin da kowa ke yi. Kuma waɗannan mutanen su ne ke fuskantar saurin a atisaye tun daga Mayu.

Daga cikinsu murya ta fara fitowa. Ranar 21 ga Satumban 2014, bayan an ci Washinton 37 da 34, ƙungiyar na da nasara uku ba rashi, Cary Williams, mai tsaron gefe, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ƙafafunsu sun mutu tun kafin ranar wasa, domin atisayen mako kansa kamar wasanni ne. Ya ce ba shi kaɗai ke jin haka ba. Daga baya ya ba abokan wasansa haƙuri a kan fitar da zancen waje. An ɗauki maganar a matsayin mitar mutum mai yawan baki, tun da ana cin wasa. A watan Maris na gaba aka sallame shi.

Kakar ta tafi kamar za ta ƙaryata shi. Duk da Foles ya karya ƙashin kafaɗa a Nuwamba, a wasan da DeMeco Ryans, jagoran masu tsaro, ya tsinka agara, Eagles ta je Dalas ta ci 33 da 10, ta kai nasara 9 da rashi 3. Sai Disamba ta zo da wata fuska. Siyatul ta riƙe ƙwallo kusan minti 42, ta tsare su a yadi 139, ta ci 24 da 14. Dalas ta rama 38 da 27. Washinton, wadda kakarta ta riga ta lalace, ta ci 27 da 24. Nasara 10 ɗin ta sake cika, amma ba a samu gurbin wasannin ƙarshe ba. Katangar da ta tsaya cak a 2013 kuwa a wannan karon ta yi ta zubewa: Mathis da gwiwa, Kelce da tiyata, Johnson da dakatarwar wasa huɗu. Kofunan markaɗe na nan, na'urori na nan. Wannan kaɗai ya isa a yi zargin cewa lafiyar da aka samu a kakar farko akwai sa'a a cikinta, ba kimiyya zalla ba.

Rushewa

A Janairun 2015 Lurie ya miƙa wa Kelly ikon saye da sayar da 'yan wasa, aka ture babban manajan ƙungiyar, Howie Roseman, gefe. An riga an sallami DeSean Jackson, fitaccen mai cafe ƙwallo, tun Maris 2014. Yanzu McCoy ya tafi Buffalo, Foles ya tafi Rams aka karɓo Sam Bradford, Maclin ya bi Reid, aka saki Herremans da Mathis ba tare da an kawo madadinsu na kirki ba. An zuba kuɗi a kan DeMarco Murray, wanda salon gudunsa bai dace da tsarin ba, da Byron Maxwell, mai tsaron gefe. A ƙarshen Nuwamba, cikin kwana biyar, Tampa Bay ta zuba musu 45 da 17, Ditroit ta ƙara 45 da 14. Ranar 29 ga Disamba, saura wasa ɗaya, da nasara 6 da rashi 9, aka kori Kelly. Jimillarsa nasara 26, rashi 21.

Washegari baki ya buɗe. Lane Johnson, wanda ba tsoho ba ne, shekararsa 25 a lokacin, ya ce tun daga atisayen bazara har ƙarshen kaka kusan gudu ɗaya ake yi, kuma abin na cin jiki, musamman gaɓoɓin manyan mutane irinsa. Ya kuma nuna cewa 'yan wasa ba sa sakin jiki su je su faɗa wa koci damuwarsu. Lurie kansa, da yake bayyana irin kocin da zai nema, ya yi maganar wanda ya iya zama da mutane ya kuma san sauraro.

Me ya kamata a ɗora wa saurin, me bai kamata ba

Ba daidai ba ne a ce gajiya ce ta rusa kakar 2015. Ƙungiyar da ta zubar da Jackson, McCoy, Maclin da Mathis cikin wata 15 za ta ji jiki ko da tafiyar hawainiya take yi. Akwai kuma matsalar da ba ta jiki ba: don a yi sauri dole dabarun su zama kaɗan, kuma kociyoyin tsaro a NFL, da aka ba su bazara biyu suna kallon faifan, sun fara gane abin da ke zuwa daga yadda aka jeru. Alƙalan wasa ma ba su ba da kai ba. Tun kafin kakar 2013 shugabansu, Dean Blandino, ya bayyana cewa alƙali ne zai ajiye ƙwallo a lokacinsa, kuma in masu hari suka canza ɗan wasa sai an jira masu tsaro su ma sun canza.

Amma maganar Johnson ta taɓa ainihin wurin. A Oregon Kelly na da yara fiye da 100, 'yan shekara 18 zuwa 22, suna buga wasa 13 ko 14. In wannan ya gaji ga wani. A NFL ta wancan lokacin mutum 53 ne, 46 ke sa riga ranar wasa, ga wasannin share fage 4 a kan 16 na gasa, kuma mutumin da ke tsare bayan mai jifa shi ne Peters, mai kusan kilo 150, wanda ya haura shekara 30 tun kafin Kelly ya iso. Ginin jiki hawa da sauka ne. A ɗora nauyi, a sauke, jiki ya gyara kansa ya fi da, a sake ɗorawa. Aikin da ya dace da Mayu, lokacin da ba wanda ya daki kowa, bai dace da Disamba ba, lokacin da kowa ke ɗingishi a ɓoye. Motar da direba ya maƙale wa giya ɗaya, a hawa da gangara da cikin kasuwa, za ta yi tafiya, amma injin ne zai faɗa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, babu ƙungiyar da ta kai Eagles kayan gano gajiya a lokacin. Ana auna fitsari, ana auna barci, ana auna zuciya. Ana kuma rage wa wasu ɗaiɗaiku aiki in alƙaluma sun nuna. Amma saurin kansa ba ya cikin abin da ake tattaunawa, domin shi ne ginshiƙin komai: da shi ake koyarwa, da shi ake gina jiki, da shi ake kai hari. In ka sassauta shi ka taɓa ukun a lokaci guda. Don haka da Williams ya yi magana a 2014, tsarin ba shi da inda zai ajiye maganar sai a kwandon rashin ɗa'a. Masu bin ƙwallon Ingila za su tuna irin wannan muhawara a kan Marcelo Bielsa a Leeds, inda har yau ba a daidaita ba ko atisayensa ne ya ɗaga ƙungiyar ko shi ya cinye ta. Mai yiwuwa duka biyun, a lokuta daban-daban.

Bayan tafiyarsa

Doug Pederson, almajirin Reid, ya karɓi ƙungiyar a Janairun 2016. Ya dawo da taron ƙus-ƙus, ya dawo da hutun Talata, ya dawo da karo na gaske a wasu ranakun sansani. Amma bai kori Huls ba, bai kuma kori Jeff Stoutland, kocin katangar da Kelly ya ɗauko daga Alabama ba. Saurin ya zama makami da ake zarowa in an ga dama a mayar. Da Carson Wentz, babban mai jifan ƙungiyar, ya ji rauni a Disamban 2017, Foles wanda ya riga ya dawo ya maye gurbinsa, sai kociyoyi suka koma faifan 2013 suka zaƙulo dabarun da Foles ya fi jin daɗinsu a hannun Kelly. Ranar 4 ga Fabrairun 2018 Eagles ta doke New England 41 da 33 ta ɗauki Super Bowl ɗinta na farko, wato kofin gasar NFL, Foles ne gwarzon wasan, Kelce da Johnson na gabansa.

Dokoki ma sun ci gaba da matsewa. Yarjejeniyar 2020 ta rage tsawon atisayen sulke a sansani, ta ƙayyade yawansa, ta kuma sa kwanakin sabawa a farko kafin a fara karo, yayin da wasannin gasa suka ƙaru zuwa 17 daga 2021.

Shi kuwa Kelly ya yi kaka ɗaya a San Francisco, nasara 2 rashi 14, ya koma jami'a ya shekara shida a UCLA. A 2024 ya zama mai tsara hari a Jami'ar Ohio State, a shekarar da aka faɗaɗa wasannin ƙarshe na jami'o'i har mai neman kofi zai iya buga wasa 16 ko 17. Shi da babban koci Ryan Day suka rage gudu da gangan, suka koma yin taron ƙus-ƙus, don a rage yawan zubin da ke hawa kan 'yan wasa kafin Janairu. Ƙungiyar ta buga wasa 16, ta doke Notre Dame 34 da 23 ranar 20 ga Janairun 2025, ta ɗauki kofin ƙasa.